Talatin da Ɗaya da Nema

"...da gajiya, da ruwan jiya? To madalla. Ina bawan nawa, ko har yanzu cikin bai sace ba?"

Da haka Yaya Mero ta ƙarasa gaisuwar da ta faro tun daga zaure, tsintsiya a hammata, takalmanta sun sha jar lakar hanyar Faskari. Washegarin cika-ciki ne, kuma duk wanda ya san gidanmu a Ƙanƙara ya san ranar ba ta wucewa ba ta zo karɓar shara ba. Ita ɗiyar mace ce, maigidana ɗan namiji, uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito a can Sabuwa. Sunansa Gide. Na rubuta ne don alƙalami ba shi da kunya, bakina dai bai taɓa faɗa ba.

A kasuwa an san shi da sayar da taki da maganin feshi, amma ni da nake zaune da shi na san wannan duk fakewa ce, ainihin sana'arsa gardamar ƙwallo. Shi ne shugaban kwamitin Kofin Kaka, gasar da ake haɗa ƙungiyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa in an gama girbi. Ranar ce kuma kwamitin zai zauna bayan La'asar a tsayar da waɗanda za su buga bana, kuma ya riga ya rantse har da buga ƙirji cewa zai cire Tudun Marke. In ya ce a cire, to an cire, don sauran 'yan kwamitin raƙumi da akala ne.

Tudun Marke ƙauyen da Yaya Mero ta yi aure ne, can bayan Faskari ta bakin daji. Tun da 'yan bindiga suka tashe shi mutanensa suka watse, wasu Sheme, wasu Ruwan Godiya, wasu cikin Faskari kamar ita. Ƙungiyar ƙwallonsu ce kawai ba ta watse ba, kuma ɗanta Shamsu ne mai tsaron gida.

"Baiwa ta iso," in ji shi daga kan tabarma, ko ɗagowa bai yi ba daga kwanon kununsa. "Hwara daga turken awaki, nan ya hi datti."

"Wa ya ga bawa da ba da umarni? Ni haraji na zo karɓa."

"Ubangida ne ke ba bawa lada in ya yi shara."

"Talaka ne ke kai wa sarauniya gaisuwa. Ka tambayi malamai."

Wannan gardamar ta girme ni a gidan, kuma na tabbata har kabari za su kai ta. Ta ja tsintsiyar a gaban tabarmarsa yadda jiƙaƙƙen yashi zai watsu masa a ƙafa, ta ce ta gama. Ya sa hannu a aljihu, ta ce ya bar hannunsa inda yake, bana ba abin aljihu take so ba. Nan take ya gane. Ya aje ludayi ya ce in maganar Tudun Marke ce ta kawo ta, ta zauna ta sha kunu ta huta, bakin alƙalami ya bushe. Sai ya shiga jero mata zunubansu na bara: Ƙanƙara ta ɗura musu tara, Ruwan Godiya bakwai, ƙwallo ɗaya tilo da aka rubuta musu duk gasar kuwa ɗan bayan abokan karawarsu ne ya ci gidansu don tausayi. Ya ce yaran gari sun daina kiran Shamsu da sunansa, Kwando suke ce masa, ga kuma wata sabuwar ƙungiya daga Sheme tana son gurbin.

"Gasa ce, Mero, ba sadakar Juma'a ba. Wallahi ko San Marino ta hi ku mutunci."

"Wane Sanin?"

"San Marino. Ƙasa ce a Turai, kurar bayan duniya."

"Ni Sani mai rini na sani, na Sheme, kuma shi ma ban taɓa ganin shi da tamaula ba."

Ina bakin murhu na ji wannan na ce a raina shi ke nan, kifi ya ga ƙugiya. Mijina yana iya haƙuri da yunwa, yana iya haƙuri da zagi, amma ba ya iya jin an faɗi abu ba daidai ba a kan ƙwallo ya yi shiru. Ya gyara zama ya fara karatu. Ya ce ragwanta ma hawa-hawa ce, kowace nahiya da tata kurar baya, amma in aka tara su a fili ɗaya ta Turai ce za ta ɗauki kofi.

"Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa," in ji shi. "San Marino wa ke cin ta? Jamus. Ingila. Wanda zaki ya mara da wanda bunsuru ya tunkuya ba ɗaya ba ne."

"Nawa Jamus ɗin ta ba su?"

"Wannan ba shi ne maganar ba."

"Nawa dai?"

"Sha uku."

"Da nema?"

"Da nema."

"To raƙumin nan naka a durƙushe shike, wutsiyar na share ƙasa. Da ka aiko mani shi da ban wahala da tsintsiya ba."

Ya ce ba ta gane ba, 'yan wasan San Marino yawancinsu ma'aikata ne, wani a shago, wani a ofis, sai an tashi aiki suke zuwa atisaye, kuma duk da haka kwanan baya sun ci wasa bayan sun shekara ashirin suna jira. Ta ce shekara ashirin ko tsohuwar da ke jiran haƙori ya sake fitowa ta fi su sa rai, kuma in don aikin yini ne, nata yaran ma daga ƙwadagon gonakin mutane suke wucewa fili. Sai ta juyo ta ce ita kam tana bayan Afirka, don Shamsu ya ba ta labarin wasu bayin Allah da suka kara da Najeriya.

"Mutum biyu rak, Sa'u Tome da ƙanenshi Firinsihe. Suka tsaya gaban mutum sha ɗaya, goma kawai aka ci su. Biyar-biyar ke nan. Kawo mani Bature biyu da za su iya haka."

"Ƙasa ɗaya ce, ke. Tsibirai ne guda biyu."

"Tsibirai? Au, matsubbata ne? Shi ya sa."

Ya dafe kai. Ya ce ta bar shirme, a ɗauko Jibuti ko Somaliya a haɗa da San Marino a gani. Ta ce a haɗa, amma a filin Faskari, da azahar, tsakiyar bazara, ta ga Baturen da ba zai narke kamar man shanu ba kafin a je hutun rabin lokaci. Ya ce to a kai Jibutin cikin ƙanƙara. Ta ce ai ga ta nan zaune cikin Ƙanƙara, ba abin da ya same ta sai surutun bawanta. Ni dariyar da na yi har sai da na ƙone da bakin tukunya.

Daga nan suka bar Afirka suka nausa gabas. Ya ce a Asiya akwai wata ƙasa Butan. Ta tambaya ta alwala ko ta shayi. Bai kula ta ba, ya ce an taɓa haɗa Butan ɗin da wani tsibiri, Monsarat, lokacin su biyun ne a can ƙarshen jerin duniya, Butan ta ci huɗu da nema a kan duwatsunta, kuma wannan ya nuna kurar Asiya ta fi ta Karebiyan haƙori. Ya ƙara da cewa a Karebiyan ɗin akwai wata ma, Angila.

"Angulu kau ba a gayyatar ta, in ta ji mushe da kanta take zuwa," in ji Yaya Mero. "Amma tsaya. Ashe har kurayen baya ana shirya masu wasa?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya tsallaka Kudancin Amurka da gudu. Ya ce can kam babu rago, don ko Bolibiya da ake rainawa tana da fili a kan wani tsauni inda iska ba ta isar baƙo, ta taɓa kai Ajantina can ta yi mata shida da ɗaya. Ya ce kowane gauta ja ne in yana gidansa.

"Ka ga matsalarmu ke nan," ta ce tana kakkaɓe tsintsiya. "Mu ba mu buga wasa a gida. Da a tudunmu ne, bayan makarantar hwiramare inda gangaren nan shike, da ka ga yadda Ƙanƙara za ta riƙa bin ƙwallo har rahi."

Cikin wasa ta faɗa, amma sai da na ɗaga kai na dube ta. Shi kuwa ya ja kwanon kunu ya ce gangare ba ya cin ƙwallo. Don ya kawar da zancen sai ya ɗauko Tahiti, wasu mutanen teku da Najeriya ta taɓa ci shida da ɗaya. Ya ce ɗayan nan da suka ci, zama suka yi a ƙasa suna kwaikwayon tuƙa kwalekwale don murna, kamar sun ɗauki kofin duniya. Ta ce waɗannan su ne masu godiyar Allah, ba irin wasu ba da za a ba su kunu da ƙosai su tsaya zagin baƙuwa.

Na zuba mata nata kunun, ta sha rabi, ta goge baki da gefen mayafi. Sai ta dube shi sama da ƙasa kamar mai taya akuya.

"Ni duk wannan yawon duniya da ka kai ni bai dame ni ba. Abin da ke ba ni mamaki, wai ɗan Sabuwa ne ke yi ma wani gorin ci. Ku da aka ɗura ma talatin da ɗaya."

Kunu ya sarƙe shi.

"Wa aka ɗura ma?"

"Sabuwa mana. Talatin da ɗaya da nema. Turawan Ostireliya suka yi maku. Yara na ta hwaɗi a Hwaskari, wai duk duniya ba a taɓa cin wata ƙasa haka ba. Na ce Allah na gode maka da ka yi ni ɗiyar mace, garin ubana daban."

"Samowa ce, Mero. Samowa. Samowa ta Amurka."

"Au, har reshe kuka buɗe a Amurka?"

Ya miƙe tsaye, zanen tabarma a bayan rigarsa. Ya kira ni shaida, wai in gaya mata ko na taɓa jin Bature ya zo Sabuwa buga ƙwallo. Na ce ni lokacin ba a kawo ni ba, ban san abin da aka yi a dangi kafin zuwana ba. Ya harare ni. Yaya Mero ta ce ba komai, abin kunya ne dole a ɓoye wa amarya, ita ma sai bana ta ji, kuma yanzu ta gane abin da ya sa ya baro Sabuwa ya dawo Ƙanƙara yana sayar da taki.

"Kai ne golan, ko? Hwaɗi gaskiya, yau ranar yahiya ce."

Ban taɓa ganin ya yi bayani da jiki haka ba. Ya zana teku a ƙasa da yatsa, ya ɗora ɗan dutse a tsakiya ya ce ga Samowa, ya jefa takalminsa can bakin rijiya ya ce ga Sabuwa, ta duba nisan da idonta. Ya ce ɗan tsibiri ne da mutanensa ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya ba, kuma a wasan nan manyan 'yan wasansu matsalar fasfo ta hana su bugawa, sai yara aka tattaro, har da 'yan shekara sha biyar. Ta ce duk wanda ya faɗi ba ya rasa dutsen da zai ce ya yi tuntuɓe da shi. Ta ce ita hujjarta ɗaya: tun daga ranar ba a sake jin Sabuwa a gasar duniya ba, don kowa ya san ƙasar da aka yi wa irin wannan cin korar ta ake yi, a ba masu ƙoƙari wuri.

"Wa ya ce maki ana kora? Ba a korar ƙasa don an ci ta," in ji shi, har jijiyar wuya ta tashi. "Ko ɗari aka ci ta, in lokaci ya zagayo sai an ɗaga tutarta, a buga takenta, kowa shi miƙe tsaye. Samowan nan da kike raina ma wayo sun ci gaba da zuwa ana cin su, ana cin su, har bayan shekara goma suka doke Tonga biyu da ɗaya. Kuma kin san wa ke cikin raga ranar? Golan nan dai da aka ɗura ma talatin da ɗaya. Shi ɗin dai. Da an kore shi da..."

Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe, yatsansa a sama.

Yaya Mero ta ci gaba da shan kununta a hankali. Har yau ban sani ba ko da gaske ta ɗauka Sabuwa ce, ko tun daga Faskari ta ɗauro tarkonta a bakin zane. Na tambaye ta daga baya, ta ce ita jahila ce, me ta sani.

Ya koma ya zauna, ya ce to ai waccan ƙasa ce, mai tuta da take. Tudun Marke kuwa ƙauye ne, ƙauyen ma da babu kowa a ciki. Yana faɗa na ga ya so ya kamo maganar, amma ta riga ta fita. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, don akwai inda wasa ba ya zuwa ko tsakanin taubasai.

Ba ta yi fushi ba. Ta aje kwanon, kuma a karon farko tun shigowarta ta kira shi da sunansa.

"Gaskiya ka hwaɗa, Gide, ba kowa. Masallacin ma an ce rufin ya zube. Jikokina da aka haihwa a Hwaskari in ka tambaye su garinsu sai su ce Hwaskari. Direbobi sun daina kiran sunan a tasha. Wuri ɗaya ya rage da ake hwaɗin Tudun Marke da ƙarhi kowa shi ji, ranar da mai lasihikar nan naku ya ce ga su nan sun shigo hili. Ranar na Sheme ke zuwa, na Ruwan Godiya su zo, tsohuwar da ba ta san inda ake cin ƙwallo ba ta hau mashin ta zo. A nan muke sanin wa ya mutu, wa ya haihu. Kai kana ƙirga na cikin raga, mu muna ƙirga na bakin hili."

Ni dai na juya na fuskanci murhu na bar hayaƙi ya ɗauki laifin idona. Shi kuma ya daɗe yana kallon tekun da ya zana a ƙasa, sannan ya share shi da tafin ƙafa. Na san halinsa, in abu ya taɓa shi ba ya iya cewa ya taɓa shi, sai dai ya nemi hanyar da zai fita ta zolaya.

"Wannan shara ta bana ta yi tsada," ya ce. "Shekara nawa ina ciyar da baiwa, ashe lauya nike kiwo."

"Ka ba ni ko in tahi in gaya ma duniya kai ne golan Sabuwa?"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda yake yi har yana dukan cinya. Ya ce ta je ta gaya wa Kwando ya fara atisaye, suna ciki, 'yan Sheme kuma za a san yadda za a yi da su ko da gasar za ta ƙara mako. Ya leƙa ɗaki ya fito da sabuwar safar hannu ta roba, irin ta masu feshi, ya jefa mata a cinya. Ya ce a kai wa Shamsu, in bai kama ƙwallo ba ya kama ciyawa. Ta juya ta, ta ce bawa dai bawa ne, ko kyauta zai yi sai ta kayan gona, amma ta cusa ta can cikin jaka ta zuge.

Har ta kai bakin zaure ta juyo. Ta ce saura abu ɗaya, ya ja kunnen mai lasifikar nan, bara cinye rabin sunan yake yi, ita tana so ya faɗe shi cikakke yadda na bayan fili za su ji.

"Kar ki damu," in ji shi. "Dokar gasa ce, duk ƙwallon da ya shiga sai an hwaɗi wa ya ci, an hwaɗi wa aka ci. Da irin golan nan naku, ba garin da za a kira bana kamar Tudun Marke."

Ta tsaya da tsintsiyarta a hannu tana kallonsa, tana dariya, idanunta sun cika.

"To Allah shi sa a ci mu talatin da ɗaya."